Taya ɗalibi rubuta bayanin kansa don neman gurbin karatu a waje

JAMB ba ta neman irin wannan rubutu, shi ya sa ɗan aji shida na sakandare a Kano kan rikice idan ya ci karo da shi. Common App, shafin neman gurbi a jami'o'in Amurka, kalmomi 250 zuwa 650 yake karɓa. UCAS kuwa, hukumar da ake bi wajen neman gurbi a jami'o'in Birtaniya, haruffa 4,000 ne iyakarta.

Malam, kada a fara da biro. Zaunar da yaron, ka yi ta jan sa da tambaya har labari ya fito. Wanda ke tsare wa mahaifinsa shago a Kantin Kwari ran Asabar, yana rubuta bashin 'yan sari a littafi, ya fi mai cewa "ina son taimakon al'umma" abin faɗa. Kunya ce ke daƙile yaranmu, don sun tashi suna jin yabon kai jahilci ne. Nuna wa yaron cewa abin da ya yi da abin da ya koya ake nema.

Daftarin farko ko da Hausa ya rubuta, sannan ya juya shi Turanci da kansa. Gyara nahawu, amma kada ka cusa masa kalmominka; masu tantancewa na gane hannun babba. A fara tun hutun Agusta, domin wa'adin farko a jami'o'in Amurka da yawa 1 ga Nuwamba ne.