Daren da Muka Kwana a Gonar Dawa

Na samu horon aikin kwantar da tarzoma a makarantar 'yan sandan mobal ta Limankara da ke kusa da Gwoza a jihar Borno, shekaru kafin mayaƙan Boko Haram su mamaye ta a watan Agustan 2014. A cikin waɗannan duwatsu aka koya mana riƙe garkuwa da kulki, da harba barkonon tsohuwa bisa la'akari da inda iska ta dosa, sannan malamanmu suka riƙa nanata mana cewa yatsa ba ya taɓa kunamar bindiga sai ido ya tabbatar da abin da ke gabansa. A lokacin na ɗauki wannan magana a matsayin karatun aji kawai.

Aikin da ya sa na fahimce ta shi ne ceton wani ɗan kasuwa da ɗansa, waɗanda masu garkuwa da mutane suka ɓoye a wani gida a gefen ƙauye. Mun isa da la'asar sakaliya, sanye da rigunan sulke, kuma yawancinmu muna son a yi dirar mikiya nan take. Kwamandanmu ya ƙi. Ya sa muka kwanta a cikin gonar dawa, sauro yana cizonmu, shi kuwa ya zauna da wani dattijo maharbi wanda ya zana masa gidan a ƙasa da tsinke: ga zaure, ga rumbu, ga wata ƙofar baya da ba za mu taɓa ganinta daga inda muke ba. Da na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, dare yana yi," sai ya amsa da cewa mutanen da muka zo ceto suna cikin ɗakin da harsashinmu zai ratsa.

Da asuba, bayan ɗaya daga cikin masu gadin ya fita neman ruwa, muka shiga ta ƙofofin biyu a tare. A cikin wannan hargitsi wani ya fito a guje daga bayan rumbu ya nufo ni, na ɗaga bindiga na saita shi, kuma har yau ina jin nauyin wannan daƙiƙar a ƙirjina. Yaron da muka zo ceto ne, igiya tana reto a hannunsa. Yatsana bai taɓa kunama ba, kamar yadda aka koya mana.

Lokacin da aka rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi da makami, a ranar 11 ga Oktoban 2020 bayan zanga-zangar matasa, aka kuma sanar da kafa wata sabuwar runduna mai suna SWAT a madadinta, dattijon nan maharbi ne ya faɗo mini a rai. Da yana jin tsoron kakinmu kamar yadda jama'a da yawa suka riƙa jin tsoron waccan runduna, da bai zo gonar ba, da kuma mun afka ta zaure kaɗai, inda 'yan bindiga biyu suke kwance suna jiranmu.