Darasin fiziks na zafi ya faɗi tsakanin kwalejoji biyu, ya ci mini shekara guda

Ta ƙofar kwalejin al'umma na shiga jami'a a Kalifoniya. Abin ya yi kama da wanda ya gama ND ko NCE a gida ya nemi shiga kai tsaye, sai dai a nan aji uku ake sa ka. Kuɗi ne ya sa na bi hanyar: mazaunin jihar dala 46 yake biya kan kowane yunit a kwaleji, na jami'a kuwa ya ninka haka sau da yawa. Yayana da nake zaune a wurinsa ya ce, "Ka yi shekara biyu a nan da araha, biyu a can, shi ke nan." Nawa lissafin biyar ya bayar, kuma har yau in na tuna dalili sai raina ya sosu.

Neman gurbin bai wahalar da ni ba. Na cika yunit 60 da jami'o'in UC, wato rassan Jami'ar Kalifoniya, ke nema, makina ya haura 2.4 da suka gindaya wa mazauna jihar nesa ba kusa ba, na cike takardar TAG a watan Satumba, wato alkawarin gurbi da shida daga cikinsu ke bayarwa, ban da Berkeley da UCLA da San Diego. Na tura babbar takardar kafin ƙarshen Nuwamba, bazara na yi aka ce an ɗauke ni. Aka yi murna, aka kira Hajiya a waya.

Matsalar tana cikin fiziks ɗin share fage, mai tafiya da kalkulas. Yawancin kwalejoji kashi uku suke raba shi: motsi da ƙarfi, sai lantarki da maganaɗisu, sai na uku da ake tara sauran a ciki, igiyoyi da haske da fiziks na zamani. Na yi biyun farko a kwalejinmu. Na ukun ya faɗo daidai lokacin aikina na yamma, sai na yi shi a wata kwaleji da ke kusa, abin da ɗalibai ke yi kullum. Na tambayi mai ba da shawara, ta duba ta ce duka kwalejojin biyu jami'a ta amince da darussansu. Gaskiya ta faɗa, amma rabinta. Kwalejinmu a kashi na uku take koyar da zafi da dokokinsa, maƙwabciyar kuwa tun a kashi na farko ta gama da shi. Ni da na ɗauki farkon wannan da ƙarshen waccan, ban taɓa zama ajin zafi ba. Takardata ta nuna darussa uku cif, duk da maki mai kyau, da rami a tsakiya wanda babu wanda ya gani sai sashen fiziks na jami'a, bayan na riga na kama ɗaki.

A shafin ASSIST, inda ake ajiye yarjejeniyar kowace kwaleji da kowace jami'a, sau da yawa jerin darussa ake daidaitawa da jeri, ba ɗaya da ɗaya ba. Jami'a mai tsarin kwata, wato zangon mako goma irin na tamu, kan raba abu guda kashi huɗu ko biyar, don haka ba ta iya cewa naka na biyu shi ne nata na biyu. Abin da take cewa shi ne, in ka gama ukun a wuri ɗaya ta karɓa. In ka gauraya, sai an zauna an duba.

Aka duba. Na kai manhajar kowane darasi da na yi, na rubuta roƙo, suka karɓi komai ban da zafi. Na ce to ai mako goma ne, zan yi in wuce. Ashe darussan aji uku sarƙa ne, kuma a sashenmu sau ɗaya ake buɗe bakinta a shekara, lokacin kaka. Wanda bai cika sharaɗi a lokacin ba sai baɗi. Ina ji ina gani abokan zuwana suka fara darasin motsi na aji uku, makanikancin Lagrange da Hamilton, ni kuwa ina zaune da 'yan aji biyu a darasin zafi muna lissafin injin Carnot. Darasin bai ma yi mini wuya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Shekarar da ta ƙaru ba kyauta ba ce. Hayar ɗaki ce ta wata goma sha biyu, ga tallafin karatu mai iyaka: Pell, tallafin gwamnatin tarayya, ba ya wuce kwatankwacin zango 12, wato kimanin shekara shida, a rayuwar mutum, kuma wanda ka ci a kwaleji yana cikin ƙirga. Yayana bai ce komai ba, ya dai ƙara awannin tuƙi.

Ƙanina, in kana kan wannan hanya, ka buɗe ASSIST tun zangonka na farko, ka zaɓi kwalejinka da jami'ar da sashen fiziks, ka karanta har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ka gama jerin fiziks a kwaleji ɗaya ko da sai ka sauya lokacin aiki, haka ma kalkulas. Mai ba da shawara na kwaleji yana kula da ɗalibai na kowane fanni, don haka ka rubuta wa na sashen fiziks na jami'ar kai tsaye, ka ajiye amsarsa. Kada kuma ka bari cika jerin darussan gama-gari, wanda a lokacinmu ake kira IGETC, ya ture maka liniya aljabara da lissafin difarenshal. Tarihi da adabi za ka iya ƙarasa su a jami'a ba tare da sun tare maka komai ba. Kwantam kuwa, fiziks na ƙananan ƙwayoyi, daga makon farko da matiriks na liniya aljabara yake magana, ba ya jiran kowa.

Saurin kwata ma wani abu ne. Na saba da zangon mako 16, sai ga jarrabawar tsakiya kafin in gama sanin sunayen malamai. Amma wannan kowa ya gargaɗe ni a kai, kuma na saba da wuri da na shiga rukunin masu warware aikin gida tare.

Mutane kan ce mini shekarar ta zama alheri, tunda na samu lokacin shiga ɗakin binciken wani farfesa, na kuma je REU, binciken rani da hukumar kimiyya ta Amurka, NSF, ke ɗaukar nauyi ga 'yan ƙasa da masu takardar zaman dindindin. Haka ne, Allah ya sa wasiƙun shaidata suka yi ƙarfi da na zo neman digiri na gaba. Amma wata da muka zo tare ta samu duka wannan a cikin shekara biyu, don tun makon farko ta fara ƙwanƙwasa ƙofofin malamai, kuma fiziks ɗinta uku a ƙarƙashin rufi ɗaya ta yi su.