Tsohuwar Browning ɗina 'yar Beljiyam

Shekara uku ke nan da na sayi wannan bindiga a wani ɗan shago da ke bayan garin Columbus, a jihar Ohio inda nake zaune. Ruger 10/22 na je nema, don ita kowa ke cewa sabon shiga ya fara da ita. Sai idona ya faɗa kan wata siririya can ƙarshen kanta, katakonta ya yi duhu saboda daɗewa, ga zane a jikin ƙarfenta. Dattijon mai shagon ya ɗauko ta, ya murɗa bututun, sai ga bindiga ta rabu gida biyu a hannunsa. Nan take na fasa sayen Ruger. Na cike takarda, aka binciki bayanana yadda doka ta tanada, na taho gida da abata.

Browning SA-22 ce. John Moses Browning, mutumin Ogden ta jihar Utah, shi ya tsara ta, kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam ya fara ƙera ta a 1914. Tawa ƙirar shekarun 1960 ce, kafin a mayar da aikin Japan hannun kamfanin Miroku. Har gobe ana ƙera ta, kusan yadda mai ita ya bar ta, kuma duk ranar da na kwance ta ina ganin dalili. Babu wani ƙarfe a cikinta da aka sa don banza.

Ɗura mata harsashi ma abin kallo ne. Akwai sanda a gindin ƙotar, sai ka jawo ta baya, ka riƙa zura harsashi ɗaya bayan ɗaya ta wani rami a gefen ƙotar, sannan ka mayar da sandar. Goma nakan sa. Kowane jan kunama harbi ɗaya ne, ƙarfin harbin ne ke tura sakatar baya, ta tofar da kwanso, ta ɗauko na gaba. Harsashinta .22 LR ne, ɗan mitsitsi, wanda ya fito tun 1887. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanson, shi ya sa allurar take bugun gefe. Saboda haka ba na yarda a ja mata kunama alhali babu komai a ciki, kada allurar ta daki ƙarfen bakin ramin ta yi masa tabo.

Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne ta ƙasa take zubar da kwanso. Ɗana bahago ne, yawancin bindigogi irin wannan kuwa ta dama suke fitarwa, daidai gaban fuskarsa. Da wannan babu wannan damuwa. Amma a kula da hannun riga. Ranar farko kwanso mai zafi ya faɗa cikin hannun rigata ya ƙona ni a wuyan hannu. Tun daga nan nake saka maɓallin hannun rigata, nake kuma riƙe ta ɗan gaba kaɗan.

Akwai lokacin da harbina ya riƙa warwatsewa a kan takardar da ake auna wa harbi daga yadi 25, har na fara zargin idona. Ashe bututun ne ya yi sako-sako. Akwai wani zobe a mahaɗarsa da aka yi musamman don haka. Na ɗan matse shi, motsin ya ɓace, ramukan suka dawo wuri ɗaya. Tana son harsashi mai ƙarfi irin CCI Mini-Mag. Masu arha da ake sayarwa a bokiti suna tara mata dauɗa, bayan ɗari biyu ko uku sai ta fara cijewa.

Asabar ɗin da ta wuce mun je filin harbi da ɗana, kowa da abin toshe kunne da gilashin kare ido. Ya harba goma, ya ajiye ta bakinta na kallon gaba kamar yadda na koya masa, muka jira aka ba da izini, muka je duba takarda. Takwas suna cikin baƙin da ke tsakiyar takardar. Ya ce, "Baba, ni zan goge ta yau." Da daddare na shimfiɗa tsohon tawul a kan teburi, na zauna kusa da shi ina nuna masa inda ake ɗiga mai. Da ya gama na kulle ta a akwatin ƙarfe, harsasan kuma a nasu wurin daban.