Neman Rediyon Tafiya a Birnin Kano

Na dawo Sakkwato daga Kano a ƙarshen makon jiya, kuma ko da yake kai fatun jar akuya ga masu jima na Sharaɗa ne ya fitar da ni daga gida, abin da ya cinye mini rabin zaman shi ne neman rediyo mai gajeren zango wanda zan riƙa sawa a jaka. Sana'ata tana kai ni kasuwannin ƙauye inda babu wuta kuma tashoshin FM ba sa kaiwa, kuma tun watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina, na daina dogara da waya wajen jin labarin duniya. Tsohon rediyona ƙirar National ya mutu a daminar bara, masu gyaran garinmu kuma suka haɗu a kan cewa abin da ya ƙone a cikinsa ba a samunsa sai a Kano.

Hanyar ba ta da wani labari. Mun bi ta Talata Mafara da Gusau da Funtuwa, muka karya ta Malumfashi da Gwarzo, direba yana ta sauri don kada duhu ya same mu a daji, muka shiga birni ta Kabuga ana kiran la'asar. Mai masaukina, wani dillalin fata da ke zaune a cikin Gwale, ya tarbe ni da gurasa da tsire, ya kuma hana ni maganar otal tun kafin in rufe baki.

Washegari bayan mun gama lissafi a Sharaɗa na hau A Daidaita Sahu zuwa kasuwar Sabon Gari. Mutumin Sakkwato da ya saba ɗare kabu-kabu ya isa ko'ina cikin ɗan lokaci sai ya yi haƙuri da Kano, domin tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni, kuma mai keke ba ya tashi sai ya cika, ba ya tsayawa sai inda ya ga dama. A layin masu kayan lantarki na tarar da rediyo tuli, galibinsu Kchibo da ire-irensa daga ƙasar Sin, masu tocila da ramin saka memori da batirin caji irin na tsohuwar Nokia. Wani saurayi ya miƙo mini ɗaya yana cewa, "Alhaji, wannan zango goma sha biyu gare shi, babu tashar da ba ya kamawa." Ya ce naira 14,000, na taya 8,000, muka daidaita a 9,500, na saya wa yaron da ke taya ni ɗaukar fata. Amma da na murɗa shi a cikin rumfar sai na ga allurar tana tsallake tasha kafin a kama ta, domin an matse zango mai faɗi a cikin gurbin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Yawan zangon da aka rubuta a jikin kwali ba shi ne ingancin rediyo ba, kuma na lura samarin kasuwar ba su san bambancin mita 19 da mita 49 ba, ba kuma su damu su sani ba. Wani ma ya nuna mini jabu mai ɗauke da sunan babban kamfanin Japan, ya rantse cewa na asali ne, alhali nauyinsa bai kai na kwalin ashana cike ba. A Sakkwato ɗan kasuwa yakan ji nauyin furfura ya rage ƙarya, amma a nan ciniki ne kawai, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba ganin kuɗin hayar rumfa da suke biya.

Wani dattijo mai sayar da batir ne ya ji muna ja-in-ja ya kira ni gefe, ya kwatanta mini shagon wani mai gyara a Fagge. A can na shafe yinin, kuma can ne tafiyar ta biya kuɗinta.

Mai gyaran tsoho ne da ya haura saba'in, yana zaune a tsakanin matattun rediyoyi da aka jera har rufi. Da na gaishe shi na faɗi buƙatata sai ya ce, "Zauna tukuna, ɗana, ka ga kakanninsa kafin ka zaɓi jika." Ya sa yaronsa ya sauko da wani baƙin rediyo mai kama da ƙaramar adakar amarya, wanda ya ce ya saya a gwanjon kayan wani Bakware, wato ɗan Labanon, da ya bar Kano. Zenith Trans-Oceanic ne, samfurin da ke aiki da tiransisto, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki marasa zafi, wanda aka fara fitarwa a 1957, yana cin manyan batura tara, kuma da na ɗaga shi sai da na sa hannu biyu. Asalin wannan jeri ya fito ne a Amurka a farkon 1942, saboda shugaban kamfanin, Eugene McDonald, mai son yawo ne a jirgin ruwa kuma yana son rediyon da zai kawo masa labarai da hasashen yanayi a tsakiyar teku. Na farkon da bawul yake aiki, wato ƙwayayen gilashin nan masu zafi da zuƙar batir, shi ya sa abin da aka kira rediyon tafiya a wancan zamani sai mai mota ko mai ɗan dako ke iya yawo da shi. Tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, shi ne ya rage zafin da nauyin, amma bai rage kuɗin nan da nan ba, domin dala 250 aka sayar da wannan samfuri da ya fito, kuɗin da malamin makaranta na lokacin ba zai yi mafarkinsa ba.

Kusa da shi akwai Grundig Satellit na Jamus, jerin da aka fara a 1964, wanda Baba mai gyaran ya ce manyan ma'aikata da alhazan birni ne suka riƙa sayensa, kuma har yau bai ji rediyon da ya kai shi daɗin murya ba. Ya ce da yake yaro, mutane kan taru a ƙofar gidan mai rediyo bayan isha'i a ji Kaduna a kan mita 49, sannan a juya Landan. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda Turawan mulkin mallaka suka sa kamfanin Ever Ready ya ƙera a 1949 don talakawan ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, mai jikin tukunyar alminiyam da ake sayarwa fam biyar, ya ce labarinsa kawai ya ji. Sai dai ya nuna mini na wani zamani daban, wato rediyon da ake wana wa hannu ba ya buƙatar batir, ƙirƙirar Baturen Ingila Trevor Baylis, wanda aka riƙa haɗawa a Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990. Ya ce ƙungiyoyin agaji ne suka shigo da su, kuma sifirin da ke ciki idan ya tsinke an gama.

Inda bakinsa ya buɗe sosai shi ne da muka zo kan Sony. Ya ce Japanawa ne suka mayar da gajeren zango abin matafiyi na gaskiya, kuma tarihi ya gaskata shi. A 1977 suka fitar da ICF-7600 mai girman ƙaramin littafi, a 1980 kuma suka kawo ICF-2001 wanda ake danna lambar tasha a kan maɓallai maimakon a yi ta lalube da allura, sannan a 1994 suka ƙanƙantar da abin har ya koma girman kaset a samfurin SW100. Amfanin danna lamba ga matafiyi babba ne, domin wanda ya sauka a baƙon gari cikin dare ba sai ya ɓata rabin shirin yana neman tasha ba, kuma tashar ba ta zamewa idan rediyon ya ɗumama. Daga baya kamfanonin Sin irin su Tecsun, wanda aka kafa a 1994, suka karɓe kasuwar, suka zuba yawancin aikin rediyon a cikin ƙwayar lantarki guda ɗaya, farashi ya faɗi warwas. Baba ba ya ƙaunar waɗannan sababbi. Ya ce, "Idan ƙwayar ta mutu ba ni da abin da zan gyara, sai dai in ce wa mai shi Allah ya mayar da alheri." Ni dai ina ganin yana da son zuciya a nan, domin talakan da a da ba ya iya mallakar rediyo sai ya sayar da tunkiya yanzu yana saye da kuɗin kaza biyu, kuma wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne ko da masu gyara sun rasa ciniki.

A ƙarshe ya fito da Sony SW7600GR na hannu, samfurin 2001, wanda wani ya kawo gyara ya kasa biya ya bar masa. Ƙananan batura huɗu yake ci, irin waɗanda ake samu a teburin kowane mai kanti a ƙauye, kuma wannan ne ya fi jan hankalina, domin rediyon caji ba shi da amfani a garin da babu inda za a yi cajin. Ya sa masa naira 70,000. Na ce, "Baba, ai wannan kuɗin ɗan akuya ne." Ya ce akuya tana mutuwa, wannan kuwa ya shekara ashirin yana nan da ransa. Muka yi ta ja har aka kira azahar, muka yi salla tare, muka dawo ya sallama a 52,000, ya kuma yi mini gyara da doguwar waya siririya wadda ya ce in ɗaura a eriya in rataya a reshen bishiya idan na sauka a daji. Ya ƙara da karatun da samarin Sabon Gari ba su da shi, cewa gajeren zango sama yake tafiya ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa can nesa, kuma wannan sashe yana canzawa tsakanin rana da dare, don haka da rana a nemi mita 16 da 19, da dare a sauko 31 da 41 da 49.

Da dare a gidan mai masaukina na kunna shi da ƙarfe takwas da rabi don jin shirin BBC, amma babu abin da ya fito sai ƙugi daga farkon zango har ƙarshensa. Raina ya ɓaci, na fara tunanin komawa Fagge da safe. Alhaji ya yi dariya ya ce in dakata, ya shiga ciki ya kashe inbatar sola ta gidan gaba ɗaya, ya sa yara suka zare cajojin waya, iyalinsa suka zauna cikin duhu da zafi, mu kuma muka hau saman soro. Nan take murya ta fito tar. Ashe inbata da ƙwayayen fitila na zamani da cajar waya duk suna watsa hayaniyar da ke danne gajeren zango, kuma a unguwa mai cunkoso irin Gwale kusan kowane gida yana da su. Na roƙe shi ya mayar da wuta saboda yara, ya ce, "Malam, baƙo ba ya jin rabin labari a gidana." Sai da aka gama shirin ya kunna. Ban taɓa ganin karamci irin wannan ba, kuma na sha jin mutanenmu suna cewa Bakano ba ya ba da komai kyauta.

A saman soron ne kuma na ga yadda zangon ya yi fili. Alhaji ya lissafo tashoshin da ya saba ji da Hausa yana saurayi, har da Masko, ya ce yanzu sai ka yi ta murɗawa ka tarar da wa'azin Turawa da kiɗan Sinawa. Jamus ta rufe tashar da take tura shirye-shiryenta daga Kigali a 2015, a watan Maris na 2025 kuma aka dakatar da shirye-shiryen Muryar Amurka, su kuma Kanawa tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003 suka koma FM. Abin takaici ne a ce sai da rediyon ya zama ɗan ƙarami mai araha wanda kowane matafiyi zai iya riƙewa sannan masu magana a cikinsa suka fara janyewa, suna cewa kowa ya koma intanet, kamar ba su san akwai Tangaza da Isa da Sabon Birni ba.

Na bar Kano bayan sallar asuba. A wani shingen bincike bayan mun fita gari wani jami'i ya zazzage jakata, ya ga maɓallan lamba da doguwar waya, ya ɗaga murya cewa oba-oba ce nake kai wa 'yan daji. Na ce, "Yallaɓai, rediyo ne, ji kawai ake yi da shi, ba a magana." Ya ce ba ni zan koya masa aiki ba, ya kira ni tsoho a gaban fasinjoji, ya riƙe mu har sai da wani na gaba da shi ya zo ya kunna abin da kansa, ya ji ana gaisuwar safe, ya miƙo mini ba tare da ban haƙuri ba.

A Dayi muka tsaya shan shayi, na ja eriya ba tare da wayar Baba ba, shirin bakwai da rabi ya shigo garau har mai shayin ya nemi in sayar masa. Malumfashi, garin Aminu Abdullahi Malumfashi wanda ya buɗe shirin Hausa na BBC a 1957, wucewa kawai muka yi. A Gusau na sayi baturan ajiya, kuma sun fi na Sabon Gari tsada da naira 300 a kan kowane biyu. Mun shiga Sakkwato kafin magariba, ranar Lahadi kuma zan tafi da rediyon kasuwar Illela.