Dokin da ango ke so, da wanda nake ɗaura masa sirdi

Dawakai bakwai ne a turke a gidana, a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma haya nake ba da su: hawan angwanci, saukar Alƙur'ani, sai lokacin sallah da masu rakiyar hakimai ke zuwa nema. Yawancinsu a kasuwar Maigatari na saye su, wadda ke ci ranar Alhamis.

Duk wanda ya shigo, kan Sudani, wato doki irin na Sudan, idonsa ke fara sauka. Ba laifinsa ba ne. Dogo ne, ga wuya ga ƙirji, in aka sa masa ɗan kai da jalala sai ka rantse na sarki ne. Takunsa mai faɗi ne, a sukuwa kamar ƙasa ake naɗe maka. Amma fa a sassarfa yana jijjiga mutum har hanji, kuma nawa bakinsa da tauri, sai ka ja linzami da gaske kafin ya saurare ka. Ga ci: geron da zai ishi biyu shi kaɗai yake tashi da shi, ban da harawa da dusa.

Ɗan Azbin kuwa ba jiki sai zuciya. Likkafa kawai za ka motsa ya gane nufinka, wajen zamiya, wato tsayar da doki cak yana cikin sukuwa, ba ni da kamarsa. Shi nake hawa da kaina, ba na ba baƙo.

Na Ajantina sau ɗaya na taɓa hawa, a filin folo na Kano. Yana juyawa kafin ka gama tunani. Kuɗinsa ba na irinmu ba ne.

Wanda ke ciyar da gidan nan shi ne ɗan ƙasa, gajeren bidin nan da ba a kallo sau biyu. Kalangu, bindiga, guɗar mata, ko kunne ba ya kaɗawa. Bayansa lafiyayye, tafiyarsa sumul, yaro ɗan shekara goma ya sha hawansa ranar sauka.

Bara wani ango ya kafe sai Sudani. Na ce, "Malam, ka taɓa hawa?" Ya ce jaki dai, yana yaro. Na sa aka ɗaura wa bidi sirdi, babban abokinsa da ya iya hawa ya ɗauki Sudanin. Da la'asar ango ya dawo rawaninsa ko karkacewa bai yi ba, har ya ƙara wa yaron barga kuɗin goro.