Daga Niyok zuwa Washinton a kan sawun Ralph Bunche

Daura da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Niyok akwai wani ɗan dandali mai doguwar hasumiyar ƙarfe a tsakiya, da bangon da aka sassaƙa wa maganar Annabi Ishaya kan mayar da takubba garemani. Masu zanga-zanga sun fi kowa sanin wurin. Sunansa Dandalin Ralph Bunche, kuma nan na roƙi ɗan yayata, wanda ke tuƙin tasi a birnin, ya fara kai ni.

Ni mutumin Mubi ne, shi ya sa sunan nan ya daɗe a kunnena. Bunche Baƙar fatar Amurka ne da ya yi digirinsa na uku a Harvard a 1934 a kan mulkin Faransa a Togo da Dahomey. A 1945 yana cikin waɗanda suka tsara sashen kundin Majalisar da ya shafi ƙasashen riƙon amana, wato yankunan da wasu ƙasashe ke mulka bisa kulawar Majalisar, daga baya aka damƙa masa ofishin da ke kula da su. Ƙasarmu, Arewacin Kamaru, tana cikinsu. Ƙarƙashin wannan tsarin iyayenmu suka jefa ƙuri'a a Fabrairun 1961 suka zaɓi Najeriya, aka haifi Lardin Sardauna. Duniya kuwa ta fi saninsa da tsagaita wutar 1949 tsakanin Isra'ila da Masar, Labanan, Jodan da Siriya, aikin shiga tsakani da ya gada bayan an kashe wakilin Majalisar, Bernadotte, a Kudus, wanda ya sa ya zama Baƙar fata na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1950.

Daga nan muka haye zuwa Queens. Gidansa na Kew Gardens yana nan a wani layi mai inuwa. Ba nisa da shi, a Forest Hills, muka tsaya bakin shingen kulob ɗin tanis na West Side, ina hango ciyawar da aka aske ƙwal da tsohon gini mai gicciyen katako a fuska. A 1959 ɗan Bunche yana koyon wasa a nan. Da uban ya nemi su zama mambobi, shugaban kulob ɗin ya gaya masa ba sa ɗaukar Baƙaƙe ko Yahudawa. Shekara tara ke nan da Nobel ɗinsa! Gari ya ɗauka, shugaban ya sauka, aka ce Bunche ya zo. Bai je ba. Ya gane darajar sunansa aka duba, alhali ƙofar a rufe take ga Baƙin da ba shi da suna. Wannan ƙin da ya yi shi ne abin da na fi girmama shi a kai, fiye ma da kyautar.

Washegari muka nufi kudu. A jihar Delaware na ce wa yaron ya sauka daga babbar hanya mu bi tsohuwa, Route 40.

"Kawu, wannan hanyar duk danja ce, za mu daɗe," in ji shi.

"Bi dai, ɗana. Ita na zo gani."

Babu abin burgewa a kanta: tsofaffin masaukai masu dusassun alluna, wuraren sayar da motoci kwance, gidajen mai. Amma da can ita ce hanyar jakadu tsakanin Niyok da Washinton. A Yunin 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana kan hanyar kai wa Shugaba Kennedy takardun kama aiki, ya tsaya a wani gidan abinci a Edgewood ta jihar Maryland don ya sha kofi, aka hana shi saboda fatarsa. Kafin shi, a 1957, an yi wa ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, irin haka a Dover, har sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a wanke kunya. Gwamnati ta shiga lallashin masu gidajen abinci, wasu suka yarda su karɓi jakadun Afirka kawai. Sai wasu Baƙaƙen ma'aikatan jaridar Afro-American ta Baltimore suka yi shigar manyan baƙi, suka ce daga wata ƙasa Goban suke, ƙasar da babu ita a doron duniya, aka kuwa ba su abinci a wasu wuraren da ba za su shigu ba a matsayinsu na 'yan ƙasa. Da na ba yaron labarin sai ya ce, "Wato bare ya fi ɗan gida ke nan, Kawu." Irin alfarmar da Bunche ya ƙi ke nan. Mun ci soyayyen kifi a wani gidan abinci kusa da Edgewood, wata dattijuwa Baturiya ta yi ta ƙara mana shayi da fara'a.

A Washinton muka zarce Jami'ar Howard, inda Bunche ya kafa sashen kimiyyar siyasa bayan zuwansa a 1928. Yana malami a nan ya tafi Afirka ta Kudu a 1937, ya yi wata uku yana zaga unguwannin Baƙaƙe da ma'adinai, ya halarci taron ANC a Bloemfontein. Abin da ya gani can ya san shi tun a gida. A unguwar Brookland ya gina gida a 1941, amma 'ya'yansa sai su wuce makarantar Turawa da ke kusa su tafi ta Baƙaƙe mai nisa. Don haka da Shugaba Truman ya yi masa tayin mataimakin sakataren harkokin waje a 1949, ya ƙi, kuma wariyar birnin na cikin dalilansa. Yau ɗakin karatun ma'aikatar harkokin wajen sunansa yake ɗauke da shi, tun 1997.

Ban ce ba shi da abin zargi ba. Aikinsa a Kwango a 1960 ya ƙare da rashin jituwa da Firaminista Lumumba, wanda aka kashe daga baya, kuma har gobe 'yan Afirka da yawa ba su yafe wa Majalisar abin da ya biyo baya ba. Ni ma abin yana ci mini rai. Wasu matasan Baƙaƙe kuma sun ɗauke shi ɗan lelen Turawa. Nan kam ban yarda ba. Mutumin da ya haura sittin, ga ciwon sukari, ga ƙafa ba lafiya, ya tafi Alabama a 1965 ya shiga sahun gaba tare da Martin Luther King a tattakin Selma zuwa Montgomery.

A komowa na bar yaron ya bi babbar hanyarsa, I-95. Kennedy ne ya buɗe sashenta na Maryland da Delaware ranar 14 ga Nuwamba 1963, kwana takwas kafin a harbe shi. Ita ta janye matafiya daga Route 40, gidajen abincin suka rasa ciniki, sannan dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a irin wuraren a duk faɗin Amurka.