Waifai cike fal, amma ko WhatsApp ya ƙi buɗewa

Ranar Talata da magariba aka dawo mana da wuta a Hotoro bayan an wuni babu, inbata ma tun la'asar ta mutu. Fanka ta juya, firij ya ɗauka, amma intanet ɗin gida shiru kake ji. Waya tana nuna waifai cike fal, sai dai ko saƙo ɗaya ya ƙi fita. Uwargida kuma tana da hotunan atamfofi da kwastomominta ke jira, ta leƙo falo ta ce "Baban yara, abin nan naka fa ya ƙi."

Rauta, wato na'urar da ke raba waifai a gida, irin ta mesh nake amfani da ita, wato guda uku ne a haɗe suna aiki tare, babbar tana falo jone da modem, wato akwatin da wayar faiba ta kamfanin intanet take shiga, ɗaya a sama, ɗaya a ɓangaren Hajiya. Dalilin sayenta kuwa ginin bulo ne ga rufin kankare mai rodi, a cikin sabis iri biyu da waifai yake fitarwa, na 5 GHz duk saurinsa ba ya iya ratsa bango biyu, na 2.4 GHz ne yake ɗan daurewa. To abin da yake rikita mutane shi ne waifai daban intanet daban. Kamar famfo ne da ruwa, bututun cikin gida na nan lafiya ƙalau amma in ba a sako ruwa daga waje ba sai dai ka yi ta murɗa kan famfo. Sandunan da kake gani a waya tsakaninka da rautar ne kawai.

Kafin na ankara ɗan yayana har ya zaro tsinken sakace ya nufi ɗan ramin nan na bayan rautar, wai "Baffa bari na yi mata riset, yanzu za ta dawo." Wallahi da ƙarfi na ce kar ka taɓa! Don Allah jama'a ku daina gaggawar riset ɗin nan, yana goge komai ne, sunan waifai da lambar sirri, kuma in layinka irin na PPPoE ne, wato mai buƙatar sunan shiga kafin ya haɗu, har sunan shiga da fasiwod ɗin da kamfani ya saka duk sun tafi, in ba ka rubuta su ba ka shiga jiran ma'aikacinsu ke nan, ƙaramar matsala ta zama ta kwana uku.

Daga bango na fara. Na tsuguna na haska modem da tocilan waya, fitilar da aka rubuta LOS nake nema, in ta yi ja to wayar faiba ce ta samu matsala a waje, wannan ba aikinka ba ne sai kamfani. Tawa a kashe take, fitilar PON mai nuna layin faiba ya haɗu kuma kore tsaye, alhamdulillahi. Na duba biyan wata, saura kwana tara. Na kunna datar waya na tambayi maƙwabcina mai kamfani irin nawa, ya ce nasa yana yi. Wannan tambayar tana da amfani fa, ku tuna 14 ga Maris 2024 cikin azumi da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane da yawa sun yi ta fama da na'urorinsu alhali matsalar tana can cikin ruwa.

Sai na ja teburin talabijin baya. Ƙura ce jibge, ga kebul ɗin da ya taso daga modem zuwa babbar rauta, ɗan harshen robar nan na kansa da yake cewa ƙas in ka tura ya karye, kan ya zamo rabi a ciki rabi a waje, ƙila wajen shara aka taɓo shi. Ƴar fitilar ramin ko ƙyaftawa ba ta yi. Na hure ƙurar na danna shi ciki na riƙe da yatsa, fitila ta kama.

Duk da haka intanet ba ta dawo nan take ba. Wani lokacin in wuta ta zo musu tare rauta tana riga modem farkawa, ta nemi layi ba ta samu ba ta tsaya a haka. Na zare duka daga soket, na jira kamar minti ɗaya, na kunna modem shi kaɗai sai da fitilunsa suka zauna, sannan babbar rauta, daga ƙarshe ƙananan. Fitilar rautar falo ta tashi daga ja ta koma kore, sai ga wayar uwargida tana ta ƙara daga kicin saƙonni na shigowa.

Washegari na biya kasuwar waya ta Farm Centre na sayi sabon kebul na intanet irin Cat6 da ɗan ƙaramin batirin nan da yake riƙe modem da rauta in an ɗauke wuta. Sunan shiga da fasiwod kuma na rubuta su a takarda na manne da salatif a ƙasan modem ɗin. Rautar ɓangaren Hajiya ce har yanzu take ɗan yankewa da daddare, ina ganin nisa ne, ranar Asabar zan matso da ita bakin taga na gani.